Kwaɗon Wuyan Hannu na Bature

"Duk wanda ya shaƙe ni a Birnin Gwarin nan, to ya fara yin sallama da hannunsa, don ba da shi zai koma gida ba!"

Bature ke nan, abokina. A teburin mai shayi na bakin tasha ya saki wannan magana, bakinsa cike da burodi, har ɓarɓashi ya sauka a kofin na kusa da shi. In ba ka san shi ba, bari in zana maka shi. Sunan dai Bature ne, don ran Talata aka haife shi, amma mutumin baƙi ne wuluk kamar gindin tukunya. Siriri ne kamar karan dawa, ga dogon wuya, ga zakaran wuya mai hawa da sauka kamar guga a rijiya. In iska ta taso da ƙarfi, matarsa Furera kan leƙo waje ta tabbatar yana nan.

Sana'arsa tsaron shagon cajin waya. To, ka san in ka kai waya caji sai ka tafi harkarka. Kana juya baya Bature zai buɗe ta, ya shiga kallon bidiyon wasu mutane masu fararen kaya suna murɗe wa juna hannu suna faɗuwa. Datar mutanen gari kaf a nan ta ƙare. Da datar liman, da ta mai nama, da ta wata amarya da ta yi ta zargin kamfani, duk su suka biya wa Bature kuɗin makaranta ba su sani ba. Shi kuwa cewa yake a Kaduna ya yi karatun, wurin wani malami da ba ya karɓar ɗalibi sai mai baiwa. Gaskiyar ita ce ya taɓa zuwa bikin ɗan kawunsa, ya leƙa tagar wani ɗakin motsa jiki, mai gadi ya kore shi.

Ka dai san abin da muka gani da dajin nan, ba sai na tuna maka ba. Da abubuwa suka ɗan lafa, mutane suka fara komawa gonakinsu ta wajen Kuyello da Kazage, sai ga wata ƙaramar fitina ta ɓullo. Wasu 'yan ɓarayin tsiya ne, ba bindiga ba komai, su tare mutum shi kaɗai a hanya, ɗaya ya shaƙe shi, ɗaya ya sunkuce buhun masara ko ya gudu da babur. Ga kaka ta kama. Ƙungiyar manoman unguwarmu ta zauna a ƙarƙashin shugabanta, dattijo Modibbo, aka yanke shawarar a nemo wanda zai koya wa samari yadda mutum zai ƙwaci wuyansa. Wanda aka ɗauka kuma, za a damƙa masa babur ɗin ƙungiya ya riƙa zagaya ƙauyuka har Kutemeshi.

Bature na jin kalmar babur, ya rufe shagon caji, ya kai wa mai shi makulli.

"Alhaji, ga amanarka. Al'umma na kira na."

"Al'umma kuma? Wacce?"

"Za ka ji a rediyo."

Daga nan ya zarce wurin amininsa Nu'uman tela, ya sa aka ɗinka masa fararen kaya irin na bidiyo. Yadin da aka samu na labule ne. Da ya saka ya fito, wata tsohuwa da ke wucewa ta yi salati ta koma da baya, ta ɗauka gawa ce ta fasa tafiya. Baƙar ɗamara kuwa, wadda ya ce ba a ba kowa sai gwanin gwanaye, ɗankwalin Furera ne na zuwa biki. Ragowar yadin ya ɗaure goshi da ita.

A gida ya so ya ɗan gwada hannu.

"Furera, ajiye tankaɗen nan ki zo ki shaƙe ni."

Ta ɗago ta dube shi tun daga sama har ƙasa. "Malam, ka bar aikin da muke ci da shi, ka ɗaure ƙugu da ɗankwalina, sannan ka ce in shaƙe ka? Ka rufa mini asiri. In na fara, ban san ranar sakewa ba."

Sai ya koma kan taɓarya. Ya kayar da taɓarya sau babu adadi. Ya kayar da muciya. Ya je zai gwada da ƙafar gaba ta bunsurun maƙwabta, bunsurun ya nuna masa cewa shi ma ya yi karatu a wani wuri. Bature ya dawo yana ɗingishi, ya ce dabbobi ba sa cikin manhaja.

Ranar gwaji, Asabar da hantsi, filin makarantar firamare ya cika. Samari sun yi sahu, dattawa a kan benci a inuwar dalbejiya, Modibbo a kujerar tsakiya da carbi a hannu. Mata na can gefe sun yi gungu, Furera na zaune kusa da ƙawarta Rosaline suna ɓare dafaffiyar gyaɗa. Har mai rake ya turo baronsa.

Bature ya shigo fili yana taku ɗai-ɗai, ya tsaya, ya haɗa tafin hannu ya rusuna wa gabas, ya rusuna wa yamma, ya rusuna wa mai rake. Sannan ya yi wata ƙara, "Hayyaa!" wadda ta tashi kajin hedimasta.

"Jama'a!" in ji shi. "Ilimin nan gajere ne, amma zurfinsa ya fi rijiya. Wanda ya kama maka wuya, kai kuma ka kama masa wuyan hannu, sai ya sha wuya! Ku maimaita!"

Samari suka ɗauka da ƙarfi. Abin ya yi daɗin faɗi, ba ƙarya. Har Modibbo ya gyaɗa kai.

"Sunan dabarar Kwaɗo. Ba kwaɗon rafi ba, kwaɗon ƙofa, wanda in ya datse sai da makulli. Da an shaƙe ka, sai ka sauke haɓa ka tsare maƙogwaro. Ka kama hannun mugu ta gindin babban yatsa. Ka juya tafinsa ya kalli sama kamar mai roƙon ruwa. Ka goce gefe, ka murɗa. Shi ke nan, sai dai 'yan'uwansa su zo su kwashe shi. Ku kuma samari, ku buɗe ido. Duk abin da kuka ga na yi, ku yi irinsa, kada ku rage komai. Nu'uman, fito!"

Nu'uman ya fito yana murmushin kunya, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Ya miƙa hannu ya cafki wuyan Bature. Bature ya kai cafka inda ya saba kai wa taɓarya, ya damƙo iska. Ya sake kaiwa, ya damƙo kunnen kansa.

"Tsaya! Tsaya! Wane hannu ne wannan?"

"Hagu mana. Ka manta ni bahago ne?"

"To ina aka taɓa shaƙe mutum da hagu? Ba tarbiyya! Kawo dama."

Nu'uman ya kawo dama. Bature ya karɓi hannun ya ɗora shi a wuyansa da kansa, ya gyara yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai jera tumatir a faranti.

"Ɗan sassauta. Ƙara sassautawa. Matso da ƙafar nan. Kada ka lanƙwasa gwiwar hannu. Yawwa, wannan ita ce shaƙa ta ilimi."

Ashe tun daren jiya sun ƙulla cewa da Bature ya yi ƙara, Nu'uman zai faɗi. Bature ya ja numfashi zai yi ƙarar, sai atishawa ta riga ta fita. Nu'uman bai tsaya tantancewa ba. Ya kurma ihu, ya yi tsalle, ya faɗi can gefe yana birgima yana "Wayyo hannuna!" alhali hannuwan Bature na nan a saman hancinsa, ko taɓa shi bai yi ba.

Can sai aka ji Rosaline ta ce, "Furera, ashe mijinki da mura yake kisa?"

Dariya ta ɓarke. Bature bai ji ko ɗar ba. Ya ɗaga hannu ya ce wannan babban mataki ne, ana kiransa kayarwa daga nesa, kuma ba za a koya wa 'yan farko ba.

Modibbo ya yi gyaran murya. "Ɗana, mun gani, Allah ya ƙara basira. Sai dai ina da tambaya. Su waɗannan ɓarayin na hanyar Kuyello, suna tsayawa a gyara musu yatsu?"

"Ranka ya daɗe, ai…"

"Kuma in aka yi rashin sa'a aka gamu da bahago, sai a ce masa ya je ya dawo da na dama? Mu dai so muke mu ga an shaƙe ka shaƙar gaske, irin ta marasa tarbiyya."

Nan fa mai hankali zai ce cikinsa ya murɗa, ya nemi hanyar gida. Amma Bature ya hango babur ɗin ƙungiya a jingine a gindin bishiya, ja, an wanke shi, madubi na walƙiya. Kansa ya ƙara kumbura. Ya juya yana duban taro kamar mai zaɓen rago, ya wuce duk samari masu matsakaicin jiki, ya nuna can baya.

"Zakka! Kai nake so."

Jama'a suka ce, "Kai!" baki ɗaya.

Zakka mijin Rosaline ne. Tun yana goye iyayensa suka zo daga kudancin Kaduna suka kama noma a nan. Mutum ne kamar rumbu. Buhun masara biyu yake ɗauka, ɗaya a kowace hammata, yana tafe yana gaida mutane. Wuyan hannunsa kuwa, in ka ce turmi ba ka yi ƙarya sosai ba. Amma duk unguwa babu mai sanyin zuciya kamarsa. Shi ne mai babbar murya a mawaƙan cocinsu, kuma ko kaza za a yanka a gidansa, sai ya fita yawo.

"Oga Bature, don Allah ka bar ni," in ji Zakka. "Ni ba na son faɗa."

"Tsoro kake ji?"

"E, ina jin tsoro."

"Kun ji ko? Kwantar da hankalinka, ba zan karya ba, zan dai lanƙwasa. Amma ka saurare ni da kyau a gaban dattawa. Ka riƙe da gaske. Kada ka sake ni, ko na roƙe ka. Ko ka ga ina kuka, ko na kira sunan uwata, duk cikin dabara ne, yaudarar abokin gaba ce. Ka yi alkawari?"

Zakka ya waiwaya ya dubi matarsa, ya dubi Modibbo. "Na yi alkawari."

Kuma kowa ya san Zakka ba ya saɓa alkawari.

Ya matso, ya ce, "Ka yafe ni," ya sa hannu biyu ya zagaye wuyan Bature. Yatsunsa suka haɗu ta baya har da ragowa. Wallahi bai ma matsa sosai ba, riƙon da yake wa buhu ne kawai.

Bature ya tashi sauke haɓa, ya tarar babu wurin saukewa, hannun Zakka ya cinye filin. Ya kai hannu zai kama gindin babban yatsa, yatsan kaɗai ya cika masa tafi. Ya murɗa dama, shiru. Ya murɗa hagu, shiru. Kamar mai ƙoƙarin juya kututturen ɗorawa. Ya tashi gocewa gefe, sai ya ji ƙafafunsa na taka iska, don Zakka ya ɗan miƙe tsaye ne ba da niyya ba.

Idanun Bature suka firfito. Ya buɗe baki zai ce a tsaya, abin da ya fito shi ne, "Ƙwaaƙ!"

"Ashe dai na rafin ne!" in ji mai rake.

Su kuwa samari, umarni aka ba su. Sahu guda suka zaro ido, suka zaro harshe, suka ɗage a kan yatsun ƙafa, suka amsa da murya ɗaya, "Ƙwaaƙ!"

Bature ya tuna a bidiyo in abu ya yi tsanani, bubbuga hannun abokin karawa ake yi sai ya saki. Kaico, wannan darasin bai koya wa kowa ba. Ya shiga bubbuga damtsen Zakka, taf taf taf. Samari suka shiga bubbuga na kusa da su, taf taf taf. Wasu yara suka ɗauka kiɗa ne suka fara rawa.

"Za… kka… sa… ke…"

"Na yi alkawari, Oga Bature," in ji Zakka, hawaye na bin kumatunsa. "Dabararka tana da ban tausayi, amma na yi alkawari."

"Inna… ta…"

"Ya kira uwar!" wani ya yi ihu. "Yanzu zai kayar da shi!"

Furera ta miƙe, gyaɗa ta zube daga cinyarta. Tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin baƙinsa ya koma ruwan toka ba sai yau.

A cikin wannan fafutuka Bature ya cusa hannunsa na hagu tsakanin yatsun Zakka da wuyansa, ko zai sami 'yar kafar numfashi. Hannun ya shiga, ya maƙale. Ƙyallen goshinsa kuma ya zamo ya rufe masa ido ruf. Yana cikin duhu, yana ganin taurari da rana tsaka, hannunsa na dama na lalube, sai kwatsam ya ji ya damƙi wani wuyan hannu siriri, mai laushi, daidai tafinsa.

A ransa ya ce, Alhamdu lillahi! Ashe ƙaton nan yana da wurin rauni!

Ya kama gindin babban yatsa. Ya juya tafi ya kalli sama. Ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa, na shayi da na burodi, ya murɗa.

Ƙas!

Ƙarar ta kai har bencin dattawa. Zakka ya ɗauka wuyan mutum ya ɓalle a hannunsa. Ya manta da alkawari, ya saki, ya ja da baya ya ɗora hannu biyu a ka yana "Yesu! Na kashe shi! Rosaline, na kashe Oga Bature!"

Bature ya dira a ƙasa, iska ta koma masa, amma bai saki abin da ya kama ba. Ina zai saki, ga nasara a hannu? Wani azababben zafi ya ratsa shi har ƙwaƙwalwa, ya ce lallai mugun yana ramawa ne, sai ya ƙara murɗawa. Zafin ya ƙaru. Ya ƙara. Ya goce gefe kamar yadda bidiyo ya nuna, ya juya, ya ɗaga kansa da kansa, ya maka kansa da ƙasa, tim! Ƙura ta tashi. Yana kwance ya danne hannun da gwiwa, yana ihu da shaƙaƙƙiyar murya.

"Ka yi saranda? Wayyo! Zakka, ka yi saranda ko in karya? Wayyo Allah! Ka ji yadda ake ji ko?"

Samari suka dubi juna. Umarni dai umarni ne. Kowa ya kama hannun kansa ya faɗi yana "Wayyo! Ka yi saranda?" Filin firamare ya koma kamar an watsa wa kifi gishiri. Dattawa sun riƙe ciki, wani ya zamo daga benci. Modibbo ya sa hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa, carbi ya faɗi ƙasa.

Furera ce ta ratsa fili ta zo ta fizge ƙyallen daga idonsa.

Bature ya ƙifta ido. Ya hango Zakka can nesa, hannuwansa biyu lafiya lau a kan kansa. Ya sunkuya ya dubi hannun da ya danne. Ya bi shi da kallo daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa. Kafaɗar tasa ce.

"Malam," in ji Furera, "sake shi haka nan. Ya yi saranda."

Zakka ne ya goya shi har gidan mai ɗori, yana tafe yana kuka yana ba shi haƙuri, rabin unguwa na biye. Mai ɗori, wani tsoho mai ƙarancin magana, ya juya hannun da ya kumbura kamar gasasshiyar doya, ya taɓa nan ya taɓa can, ya girgiza kai.

"Gocewa ce, har da tsagewa. Wanda ya yi maka wannan ya san inda gaɓa take. Ba ƙaramin mugu ba ne."

Kai, abokina, ka ga Bature a lokacin! Yana kwance a tabarma, wuya ya yi shati, murya kamar ta agwagwa, amma sai ga zakaran wuya ya fara hawa da sauka.

"Kun ji ko? Furera, kin ji? Nu'uman, ka shaida! Masani ya yi magana. Dabara ta ci! Kuskuren adireshi kawai aka samu."

Mai ɗori ya ja hannun ya mayar da gaɓa wurinta. Ihun da Bature ya yi, an ce har a tasha wani direba ya taka birki.

Ana cikin ɗaura masa karare sai ga sallamar Modibbo. Ya zauna, ya yi masa sannu, ya ce kwamitin ƙungiya ya gama zama.

"Kuma, ɗana, mun ga bai kamata a bar ka haka ba. Mun ba ka aiki."

Bature ya yunƙura ya zauna, ya manta da ciwo. "Na sani! Ranka ya daɗe, na san dattawa ba sa kuskure. Furera, share zaure, nan za a riƙa ajiye babur."

"A'a, babur na Gabriel ne."

"Wane Gabriel?"

"Tsohon sojan nan da ya yi ritaya, mai gona a hanyar Kazage. Yana cikin taro ɗazu. Shi zai koyar. Amma ya ce yana bukatar wanda samari za su riƙa gwada shaƙa a kansa, kuma duk tsawon aikinsa bai taɓa ganin wuya mai tsawo da haƙuri irin naka ba. Mutum biyu ma za su iya koyo a lokaci guda."

Bature ya shafa dogon wuyansa.

Furera ta ce, "Baba, ba za su illata mini shi ba dai ko?"

"Haba, 'yata, kwantar da hankalinki. Gabriel ya yi rantsuwa babu abin da zai same shi." Modibbo ya miƙe yana gyara babbar riga. "Sharaɗi ɗaya kawai ya kafa. Kafin a fara, sai an ɗaure masa hannu biyu ta baya, don kada ya kare kansa."